Yadda ake mayar da tsohon katako teburin falo, mataki-mataki

Tambayoyi biyu ne masu karatu suka fi turowa a kan aikin tsohon katako. Ta farko, ta ina ake farawa. Ta biyu kuwa daga waɗanda suka riga suka gwada take fitowa: me ya sa teburin da suka yi da damina ya tsage da hunturu ya kama. Amsar duka biyun tana farawa ne daga wuri ɗaya. Aikin tsohon katako yana gyaruwa ko ya lalace ne tun kafin a ɗora masa zarto, wato wajen zaɓe, cire ƙusa, kashe ƙwari da busarwa. Za mu bi aikin da misalin teburin tsakar falo mai tsawon inci 36, faɗin inci 20, tsayin kusan inci 17. Wanda ya iya wannan zai iya benci, kantar littattafai, firam ɗin madubi da faranti.

1. Nemo katakon

A Jos, ka fara da Kasuwar Katako ta Laranto. Bayan sabon katako, za ka samu guntaye a wajen masu injin yanka, da tsofaffin ƙofofi da tagogi a hannun masu sayar da kwance. Ka leƙa wajen 'yan jari-bola, da shagunan tayil da gilashi da janareta, domin kayansu a kan falet, wato dandamalin katako da ake jera kaya a kai, ko cikin akwatin katako suke zuwa. Wanda ke Abuja ya nufi Dei-Dei ko Kugbo. Wuri mafi albarka shi ne gidan da ake sauya wa rufi ko ake rushewa. Tsofaffin gidajen Jos da Bukuru na zamanin haƙar kuza suna da ƙofofi da firam na katako mai nauyi wanda da wuya ka samu irinsa sabo yanzu.

Ka san abin da ka riƙe. Loko da maɗaci suna da nauyi, suna karɓar shafi da kyau, su ne na saman tebur. Kawo da ƙirya tauri ne da su sosai, shi ya sa tsohon turmin da ya fashe yake zama kujera mai ƙarko. Madobiya, wadda aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe tun 2017 saboda yawan sara, in ka tsinci tsohon guntunta kada ka ɓata shi a ƙafar tebur, ka ajiye shi don faranti ko hannun durowa. Katakon falet yawanci fari ne mai laushi, ba ya wahalar da mai koyo.

Hattara: kada ka sayi kwancen gini a hannun leburori sai mai gidan ya sani. Kayan layin dogo da turakun wutar lantarki kuma dukiyar hukuma ce ko ta kamfanin wuta, ka bar su inda ka gan su.

2. Wanda za ka bari a wurin

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci ga lafiyar mutanen gidan da teburin zai shiga.

Ka juya falet ka duba hatimin da ke gefensa. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, kuma ba shi da matsala. In ka ga MB, da guba aka turara shi, ka ajiye. Falet ɗin da ya sha mai, ko yake warin sinadari ko maganin feshi, shi ma ka bar shi, don ba ka san abin da ya zube masa ba.

Katakon rufi da aka shafe da baƙin mai ko Solignum don maganin gara ba ya shiga falo. Warin ba ya fita, gam ba ya kama shi, banish ma ba ya bushewa a kansa. Katako mai launin kore-kore wanda ba fenti ba ne, magani ne aka dura masa, bai dace da abin da hannu ko abinci zai taɓa ba. Katakon dekin da siminti ya bushe a jikinsa yana dakushe kowane kaifi cikin minti kaɗan, kuma yawanci ya riga ya murɗe.

Ka tafi da sukudireba. Ka soka ta a ƙarshen katakon da wuraren da suka yi duhu. In ta shige babu wuya, ya ruɓe. Ka ɗaga shi ka buga a ƙasa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsini, wanda gara ta cinye cikinsa kuwa sai ka ji shi fanko. Sannan ka ɗora ido a ƙarshensa ka hango tsawonsa. Wanda ya ɗan lanƙwashe ana iya yanka shi gajeru a yi amfani da shi, amma wanda ya murɗe ba shi da gyara.

Ka sayi fiye da buƙatarka. Ka ƙiyasta kashi ɗaya cikin uku zai tafi a tsagewa, ramin ƙusa da ruɓaɓɓen baki. Ga teburinmu, falet biyu masu kyau da tsohon tu-bai-tu, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci biyu, mai tsawon ƙafa 6 zuwa 7 sun isa.

3. Kayan aiki

Guduma mai bakin cire ƙusa, ƙarfen ɓamɓara, filaya, zarto, tef ɗin awo, sukwaya, cizal, filen na hannu, injin huda, burushin waya, samfefa lamba 80, 120, 180 da 320, farin gam na katako irin Top Bond, sukuru, takunkumi da tabarau. Ka ƙara da maganaɗisun tsohuwar sifika. In ba ka da ƙarfen matsi, ka yanka tsohon tub na mota dogaye, faɗin inci ɗaya da rabi, zai yi maka aikin ɗauri.

4. Kwancewa da cire ƙusa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a soka ƙarfe a gefen allon falet a danna da ƙarfi. Ƙusoshin falet masu zare ne, ba sa sakin katako, sai allon ya tsage. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanke allon da zarto dab da ƙusoshin gefe biyu, sannan ka ɓamɓare na tsakiya a hankali. Za ka rasa inci biyu-biyu a kowane gefe, amma allon zai fito lafiya. Ka auna tukuna, ka tabbata abin da zai rage bai gaza inci 37 ba.

Ƙusar da ta leƙo ta baya, ka buge ta ta koma, sannan ka ja kanta ta gaba. Ka sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin kan guduma don kada ta loɓa fuskar allon. Wadda kanta ya guntule, ka tura ta da wata ƙusar da ka dakushe wa baki har ta fita ta ɗaya gefen.

Bayan ka gama, ka bi kowane allo da maganaɗisu, gaba da baya da gefuna. Duk inda ya ja, akwai ƙarfe a ɓoye. Ka zagaye wurin da alli ka tono shi.

Hattara: ƙusa ɗaya da ta saura tana iya fasa wuƙar injin fere, guntun ya yi tsalle ya sami ido. Shi ya sa masu inji da yawa ba sa karɓar tsohon katako, ko su ƙara kuɗi. Ka sa takalmi mai kauri, kuma ka riƙa tara ƙusoshin a gwangwani. Ƙusa mai tsatsa in ta soke ka, ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus a ranar.

5. Wanki da kashe ƙwari

Ka kankare ƙasa da burushin waya, kana bin tsawon katakon. Ka wanke da ruwa da omo, ka ɗauraye, amma kada ka jiƙa shi a baho ya kwana.

Tsohon fenti, musamman na ƙofofin da suka daɗe, yana iya ƙunsar dalma. Kada ka goge shi da injin samfefa a bushe, kada kuma ka ƙona shi. Ka jiƙa shi, ka kankare da ƙarfe a waje, da takunkumi a fuska, yara kuma su yi nisa. Ka tattara ɓawon fentin a leda.

Sai maganar ƙwari. Ka jera allunan a kan baƙar leda su kwana biyu. In ka ga ɗan tsibin gari mai laushi kamar garin tuwo a ƙarƙashin ƙananan huji, tsutsa tana ciki da ranta, kuma in ta shiga gida za ta koma kan sauran kayan ɗaki. Hanya biyu ce. Ta farko, ka naɗe allunan da baƙar leda, ka rufe ruf, ka shimfiɗa a kan siminti ko kwano a tsakiyar rana kwana uku zuwa biyar, kana juyawa. Wannan ya fi ci a watan Maris da Afrilu. Da sanyin Disamba a Jos ba lalle zafin ya ratsa katako mai kauri ba. Ta biyu, ka narka rabin kilo na boraks, wani farin gari mai kashe ƙwari, a lita 10 na ruwan zafi, ka shafa sau biyu har ya jiƙe, ka dura a hujin da sirinji. Katakon da aka yi wa boraks ba a yin allon yanka albasa ko nama da shi.

6. Busarwa

Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Mutum yana ganin katakon ya tsufa sai ya ɗauka ya bushe, alhali ya sha ruwan sama a filin kasuwa, ga kuma wankin da aka yi masa.

Ka jera shi a inuwa, wurin da iska ke ratsawa, ka ɗaga shi daga ƙasa da bulo. Tsakanin kowane layi ka sa sirara-siraran sanduna masu kauri ɗaya, tazarar inci 16, kowace a daidai saman ta ƙasanta. Ka danne saman da bulo uku ko huɗu. Kada ka shanya shi tsirara a rana ko ka jingina shi da bango, fuska ɗaya za ta riga ɗaya bushewa ya lanƙwashe.

Don ka san ya yi, ka zaɓi allo ɗaya ka auna nauyinsa a sikeli, ka rubuta a jikinsa. Ka sake aunawa duk mako. In nauyin ya tsaya mako biyu a jere, ya bushe. Allon falet yakan ɗauki mako biyu zuwa uku da rani, tu-bai-fo kuwa ya fi haka, da damina ma sai an ƙara haƙuri. Mai na'urar auna danshi ya nemi kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Makon ƙarshe ka shigar da shi ɗaki.

Ko bayan ya bushe, katako bai daina motsi ba. Yana kumbura a faɗinsa da damina, ya tsuke da hunturu, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. A gari irin Jos, inda ruwan Agusta yake jiƙa komai sannan iskar Janairu ta busar da komai, saman tebur mai faɗin inci 20 yana iya motsa kusan rubu'in inci. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a mataki na 10.

7. Fere da yanka

Ka yanke shawara tun yanzu nawa za ka bari na tsufan katakon. A ganinmu, fere shi har ya koma kamar sabo asara ce. Baƙin zoben da tsatsa ta bari a bakin ramin ƙusa, da sawun tsohon zarto, su ne abin da mai saye yake biyan kuɗi a kai. Ka fere fuskar ƙasa sosai don kauri ya zo ɗaya, ta sama kuwa a shafe ta sama-sama kawai.

Gefuna ne ba a yi musu sassauci. Ka fere su su miƙe sak. Ka haɗa allo biyu gefe da gefe ka ɗaga su wajen haske. In haske ya ratso, ka sake ferewa. Gam ba ya cike giɓi.

Ga abin da za ka yanka: alluna 6 na sama, kowanne inci 37 a faɗin inci uku da rabi. Ƙafafu 4 na tu-bai-tu, inci 16, waɗanda bayan fere za su koma kamar inci ɗaya da uku bisa huɗu. Sai firam ɗin da zai haɗa ƙafafun: dogayen gefuna 2, inci 28 da rabi. Gajeru 2, inci 12 da rabi. Dukansu faɗin inci 3. Sai sanduna 3 da za su ratsa ƙarƙashin saman. Ka yanka ƙafafun huɗu a ɗaure tare, shi ne maganin tebur mai rawa.

Hattara: ƙurar loko da maɗaci tana sa tari da ƙaiƙayi, wasu ma tana tayar musu da asma. Ka sa takunkumi duk lokacin yanka da gugar samfefa.

8. Haɗa saman

Ka shimfiɗa allunan shida, ka yi ta sauya musu wuri har launukansu su zauna a ido. Kada masu duhu su taru a gefe ɗaya. Ka duba ƙarshen kowanne za ka ga layukan shekarun itacen sun yi baka. Ka sa ɗaya bakan na kallon sama, na kusa da shi na kallon ƙasa, don kada saman ya kwalmaɗe gaba ɗaya. Ka zana babban kusurwa uku da alli a kansu don kada jerin ya ruɗe maka.

Ka gwada ɗaurin ba gam tukuna. In komai ya zauna, ka shafa gam siriri a gefunan biyu, ka haɗa cikin minti biyar. Da hunturu gam yana saurin yin fata, saboda haka ka haɗa uku-uku, washegari ka haɗa ɓangarorin biyu. Ka matse a wuri uku ko huɗu, ka sa miƙaƙƙen katako sama da ƙasa don kada allunan su tashi, da leda a tsakani don kada su manne. Ɗigon gam ya fito a duk tsawon layin, wannan ne alamar ya isa. Ka bar shi ya yi kamar minti 30 ya yi danƙo, sannan ka ɗebe da cizal. In ka goge da jiƙaƙƙen tsumma zai shige cikin katakon, ya fito fari-fari bayan an shafa banish. Ka bar ɗaurin awa 24, sannan ka daidaita saman zuwa inci 36 da 20.

9. Ƙafafu da firam

Haɗin da ya fi ƙarko shi ne a sassaƙa harshe a gefen firam a fafe masa rami a ƙafa. In za ka yi haka, ka ƙara inci ɗaya a kowane ƙarshen gefunan tun wajen yanka. Mai koyo ya yi amfani da turakun katako masu kaurin milimita 8, biyu a kowace mahaɗa, da gam. Ka fara haɗa gajerun ɓangarori biyu su bushe, sannan ka haɗa su da dogayen.

Kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ya karkace, ka tura doguwar kusurwar har su daidaita. Ka ƙarfafa kowace kusurwa ta ciki da guntun katako da aka yanka a karkace, da sukuru.

Hattara: tsohon katako mai tauri ba ya karɓar ƙusa ko sukuru kai tsaye. Ko ya tsage ko kan sukurun ya guntule. Ka fara huda rami ɗan ƙasa da kaurin sukurun, ka goga wa zarensa sabulu ko kyandir.

10. Ɗora saman a kan firam

Ga amsar masu tambayar tsagewa. In ka manne saman da gam a kan firam, ko ka bi shi da ƙusa ta ko'ina, lokacin da zai tsuke da hunturu ba shi da wurin zuwa, sai ya tsage ta inda ya fi rauni.

Ka kafa sandunan nan uku a cikin firam, biyu a gefe-gefe, ɗaya a tsakiya, suna ratsa faɗin teburin. A kowace sanda ka huda rami uku. Na tsakiya daidai sukuru. Na gefe biyu ka tsawaita su su kai rabin inci, tsawon ramin yana bin faɗin teburin. Ka ɗaura daga ƙasa da sukuru da washa, ba gam, kuma kada ka matse na gefen har ƙarshe. In saman da sandar kowanne uku bisa huɗu na inci ne, sukuru mai inci ɗaya da rubu'i ya isa. Wanda ya fi haka yana iya ɓullowa ta sama.

Saboda wannan dalilin ne ba a zagaye saman katako tsantsa da firam mai haɗin kusurwa irin na hoto. Yana da kyau ranar farko, damina ɗaya za ta buɗe kusurwoyin.

11. Cike ramuka da gugar samfefa

Ƙananan ramukan ƙusa ka bar su. Waɗanda za su tara datti ka cike da garin katakon kansa da aka kwaɓa da gam. Babbar tsaga kuma da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a zuba masa ɗan garin gawayi ya yi baƙi, ka manna salatif ta ƙasa don kada ya zurare. Baƙin layi a tsohon katako ya fi kyau da a yi ƙoƙarin ɓoye shi da launin da ba zai taɓa dacewa ba.

Ka goga da lamba 80, sai 120, sai 180, kullum kana bin tsawon katakon. Kada ka tsallake lamba. Ka kashe kaifin gefuna da kusurwoyi saboda yara. Ka shafa tafin hannu ko'ina, duk inda ya kama, da sauran aiki.

12. Shafi

Tebur da za a ɗora wa kofin shayi banish yake so. Ka sirka shafin farko, kashi uku na banish da kashi ɗaya na abin sirkin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Ba kowane tina ne yake shiga kowane banish ba, wani yana sa shi ya guntse. Ka bari ya bushe, ka shafe da lamba 320, ka goge ƙura, ka ƙara biyu. Ka shafa ƙarƙashin teburin da ƙasan ƙafafu su ma. In fuska ɗaya kawai ka rufe, ɗayar za ta riƙa shan danshi ita kaɗai, saman ya lanƙwashe.

Kada ka yi shafi ana ruwa ko da sassafe mai raɓa, yana iya yin hazo-hazo. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka rufe taga, don ƙura ba ta barin ɗanyen banish.

Faranti da allon yanka ba a sa musu banish. Ka narka kakin zuma kashi ɗaya da man farafin na kemis kashi huɗu, a gwangwanin da aka tsoma cikin tukunyar ruwan zafi, ka shafa, ka goge bayan awa ɗaya. Man gyaɗa da man ja suna yin ɗoyi in sun daɗe a katako.

Hattara: tsumman da ya sha man shafin katako mai bushewa yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi an jefar. Ka baza shi a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a ruwa.

13. Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa wata zuwa wata, don haka ka rubuta komai a ranar da ka saya. Katakon kansa shi ne mafi araha a lissafin. Abin da ke cin kuɗi shi ne ɗauko shi a Keke Napep ko a-kori-kura, kuɗin mai inji da yake caji a kan kowane allo, samfefa wadda tsohon katako yake ci ninki biyu na sabo, gam, sukuru da banish. In ka yi sayayya da yawa a tafiya ɗaya, kuɗin mota yana rabuwa a kan tebur uku ko huɗu.

Wajen sa farashi, ka haɗa kuɗin kaya, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na lalacewar kayan aiki da man janareta, sannan ka lissafa kwanakin aikin hannunka a kan abin da kafinta yake karɓa a yini a unguwarku. Teburin nan yana cin kwana uku zuwa huɗu na aiki, ban da makonnin busarwa, kuma kwana ɗaya cur a cire ƙusa da wanki yake tafiya. Shi ne ranar da masu farawa suke mantawa ba su sa a lissafi ba. Ribarka ta hau a kan jimlar duka. In mai saye a Abuja yake, ka ƙara kuɗin mota da na kwali da bargon naɗe kusurwoyi, ka kuma faɗa masa kada ya ajiye teburin dab da na'urar sanyaya ɗaki ko inda rana ke dukansa ta taga.